Lissafin Zakkar Hatsi da Layi Biyu na Ƙarshen Fayil

Wanda ya bi hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi, ko ya ɗauki ta Daura ya nufi Dambatta, zai yi tafiya mai nisa kafin idonsa ya faɗa kan filin da ba a nomawa. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake suna zaune tare a fili ɗaya, gawo da kuka da ɗorawa na tsaye a tsakaninsu, gidaje kuma a warwatse cikin gonakin. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, ya nuna yadda jama'a masu ɗimbin yawa suke ci daga ƙananan gonakin da ake nomawa kowace damina ba hutu, da ƙarfin takin gargajiya da yawan hannu. Inda gonaki suke ƙanana kuma masu yawa, lissafinsu ma haka yake, ƙarami ne amma ba ya ƙarewa: buhun taki nawa za a raba wa manomi nawa, nawa ya rage na bashin ƙungiya, kwano nawa ya fita daga rumbu, zakka nawa ta hau kan amfanin bana. A yau wani ɓangare na wannan lissafi ya fara komawa hannun matasa masu kwamfutar tafi-da-gidanka ko wayar Android, ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da na Jami'ar Bayero da suke dawowa gida hutu, da waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja da ake fara koya wa irin waɗannan matasa shi ne Python, kuma a ƙarshen kusan duk misalin da aka ba su akwai layi biyu da suke kwafa ba tare da an tsaya an faɗa musu amfaninsu ba.

Layukan su ne `if __name__ == "__main__":` da `main()` a ƙarƙashinsa. Da yawa suna ɗaukar su a matsayin ado, ko wata al'ada ta manya da ake bi don kada malami ya rage maki. Hujjar wannan sharhi ita ce layukan nan biyu su ne iyakar da ke raba ƙa'ida da aiwatarwa a cikin fayil, kuma a wurin da manhaja ke yawo hannu zuwa hannu, ba kamfani, ba mai kula da ita, wannan iyaka ta fi muhimmanci fiye da yadda take a manyan ofisoshin Legas ko na Amurka. Za a fi gane maganar da misali guda, kuma misalin da ya fi kusa da manomin arewacin Kano a lokacin kaka shi ne zakkar hatsi. Ƙa'idarta sananniya ce. Nisabi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushiri, ɗaya cikin 10; abin da aka shayar da wahala, da jigo a da ko da injin ban ruwa a yanzu, rabin ushiri, ɗaya cikin 20. A ɗauka wani matashi ya rubuta wannan a fayil mai suna `zakka.py` don ya taimaki dattawan garinsu:

```
NISABI = 300

def zakka(sai, da_inji):
    if sai < NISABI:
        return 0
    return sai / 20 if da_inji else sai / 10

def main():
    sai = float(input("Sa'i nawa aka samu? "))
    amsa = input("Da inji aka shayar? ")
    print(zakka(sai, amsa == "e"))

if __name__ == "__main__":
    main()
```

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne yadda tafintan Python, wato manhajar da ke aiwatar da shirin, ke karanta fayil. A harsuna irin su C da Java akwai wurin farawa da aka ƙayyade, wani guntun aiki mai suna `main`, kuma sauran rubutun ba ya motsi sai an kira shi. Python, wanda Guido van Rossum ya fara rubutawa a birnin Amsterdam a ƙarshen 1989 ya kuma fitar da shi a 1991, bai bi wannan hanya ba. Tafinta yana farawa daga layin farko ya gangara zuwa na ƙarshe yana aiwatar da duk abin da ya tarar, kuma haka yake yi ko mutum ne ya kunna fayil ɗin da hannunsa, ko wani fayil ne ya shigo da shi ta kalmar `import`. Ko `def` ɗin nan da ke ƙirƙirar fankishin, wato guntun aiki mai suna, umarni ne da ake aiwatarwa a lokacin. Sakamakonsa shi ne a ajiye fankishin ɗin a gefe har sai an neme shi. Bambanci guda ɗaya tafinta yake yi tsakanin yanayin biyu. Kafin ya fara karatu yakan saka wa fayil ɗin suna a wani mazubi da ake kira `__name__`. Idan an shigo da fayil ɗin ne, sunan da zai saka shi ne `zakka`. Idan kuwa shi aka kunna kai tsaye, sai ya saka `__main__`. Ke nan layin ƙarshe tambaya ce ta yau da kullum irin kowace `if`: ni aka kira, ko arona aka yi? In shi aka kira, sai ya tambayi mutum sa'i nawa, ya buga amsa. In aronsa aka yi, sai ya miƙa ƙa'idar ya yi shiru.

To me zai faru idan babu wannan tambaya? A ɗauka magatakardan wata ƙungiyar manoma a gefen madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai ko ta Tomas da ke wajen Dambatta yana da jerin sunayen mambobi da abin da kowa ya girba, yana son a yi lissafin kowa a lokaci guda. Ɗansa ya rubuta sabon fayil, ya sa `import zakka` a sama. Idan `input` yana zaune a fili, ba a cikin `main` ba, shirin zai tsaya cak tun kafin ya buɗe jerin, yana jiran a ba shi amsar tambayar da ba wanda ya yi niyyar yi. Wannan ma mai sauƙi ne, domin ana ganinsa nan take. Mai muni shi ne fayil ɗin da a filinsa akwai umarnin buɗe rajista don rubutu, irin `open("rajista.csv", "w")`. Buɗewa ta wannan hanya tana share duk abin da ke cikin rajistar tun kafin a rubuta harafi ɗaya. Wanda ya zo aron ƙa'idar lissafi kawai sai ya wayi gari ya goge bayanan shekara guda, bai kira komai ba, bai danna komai ba, shigowa kawai ya yi da fayil ɗin. Manoman rani sun san ƙaramin injin fetur ɗin nan da ake ɗaura wa famfo yau, gobe a kwance shi a ɗaura wa na'urar markaɗe. Amfaninsa duka yana ga cewa ba ya tashi sai an ja igiya. Injin da zai kama aiki da zarar maƙwabci ya ɗaga shi zai ara, ba mai sake aronsa, kuma fayil ɗin da ba shi da layukan nan haka yake.

Nan ne ainihin matsalar take, domin idan fayil bai aru ba, mutane ba sa haƙura, kwafa suke yi. Ɗan magatakarda zai buɗe `zakka.py`, ya kwashe layukan ƙa'idar ya zuba a nasa fayil ɗin. Abokinsa na Kunchi zai karɓa ta WhatsApp ya kwafa cikin wani shirin, na Makoda ya karɓa ta filashi. Kafin damina ta zagayo ƙa'ida ɗaya ta zama kwafi biyar a hannu biyar. Sai ranar da wani malami ya duba ya ce akwai gyara, kuma gyaran yana nan tafe, domin fikihun zakka ya fi layi huɗu faɗi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, gero jinsi ne mai zaman kansa, dawa ma haka, shinkafa ma haka, ba a haɗa su don a cika nisabi, alhali dangin wake ana haɗa su wuri ɗaya. A yankin da manomi ke shuka gero da dawa a gona ɗaya, wannan hukunci yana shafar kusan kowane gida. Wanda ya samu sa'i 200 na gero da sa'i 200 na dawa bai kai nisabi ba a ko ɗaya. Shirin da ya tara su ya samu 400 zai ɗora masa sa'i 40 da shari'a ba ta ɗora masa ba. Haka kuma gonar da aka shayar rabi da ruwan sama rabi da inji, malamai sun ce ana fitar da kashi uku cikin huɗu na ushiri, abin da fankishin ɗin sama bai tanada ba sam. Idan kowa yana shigo da fayil ɗaya ne, gyara ɗaya ya wadatar, a tura sabon `zakka.py` kowa ya sauya nasa. Idan kwafi ne a cikin shirye-shirye biyar, sai an bi kowanne an tono inda aka binne ƙa'idar, kuma ba shakka wani zai tsira da tsohon lissafi yana ba mutane amsar da ba daidai ba cikin kwanciyar hankali.

Masana ilimin manhaja sun daɗe da tsayawa kan wannan. A 1972 David Parnas ya wallafa wata maƙala da har yau ake karantarwa, inda ya nuna cewa hanyar da ta fi dacewa a raba shiri ita ce a duba abubuwan da za su iya sauyawa, a killace kowanne a wurinsa. A misalinmu abubuwa uku ne masu saurin sauyi daban-daban. Nisabi da ushiri ba sa sauyawa. Mayar da sa'i zuwa ma'aunin kasuwa kuwa yana sauyawa daga gari zuwa gari, domin kwanon awo na wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, buhun da ake cewa na kwano 40 ne wani lokaci ya haura wani lokaci ya gaza, kuma ƙiyasin kilo 653 da wasu malaman zamani suka yi wa nisabi da alkama aka yi shi, alhali sa'i ma'auni ne na cika, nauyinsa na bin irin ƙwayar da aka zuba. Na uku, hanyar karɓar bayani da bayar da amsa, ita ce ta fi kowanne saurin sauyawa: yau da madannai, gobe daga takardar Excel, jibi ta saƙon waya. Layukan ƙarshen fayil suna taimaka wa mai rubutu ya ware na ukun daga na farko. Duk abin da ya shafi tambaya da bugawa ya koma cikin `main`, abin da ya rage a sama ya zama zallar ƙa'ida, mai karɓar lamba ta mayar da lamba.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai hukuncin addini ba abin da za a bar wa na'ura ba ne. Akwai malamai a kowane gari, akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da aka kafa a 2003. Shirin kwamfuta ba ya fatawa, kuma duk wanda ya rubuta shi da wannan niyya ya wuce gona da iri. Amma wannan suka, in an bi ta a hankali, goyon bayan rarrabewar take yi. Malamin da bai taɓa ganin Python ba ana iya karanta masa layi huɗun ƙa'idar a fassara masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce nan daidai ne, nan da saura. Ba za a iya yi masa haka da fayil mai layi ɗari biyu ba, inda nisabi ke cakuɗe da gaisuwa da buɗe rajista da gyaran rubutun allo. Kuma abin da malamin ya tabbatar ana iya ɗaure shi da gwaji: a rubuta ɗan fayil da zai shigo da `zakka`, ya tabbatar sa'i 299 na ba da sifili, sa'i 300 na ruwan sama na ba da 30, na inji na ba da 15. Kayan gwaji irin su `unittest` da ke zuwa tare da Python, ko `pytest`, duk ta hanyar shigo da fayil suke aiki. Fayil ɗin da ke fara tambayoyi da zarar an taɓa shi ba ya gwaduwa sai da dabaru, kuma abin da ke da wuyar gwadawa a ƙarshe ba a gwada shi.

Sai dai akwai masu sa layin su ɗauka sun gama, alhali ba su yi komai ba. Wanda ya kwashe shirinsa kaf ya tura ƙarƙashin `if` ɗin ba tare da ya ware ko fankishin ɗaya ba, ya samu fayil mai shiru idan an shigo da shi, amma mai shigowar zai tarar ba abin ɗauka. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓuya, shi ne dalilin da ya sa ake son `main` ta zama fankishin, ba layuka a zube ƙarƙashin `if` ba. Duk mazubin da aka ƙirƙira a ƙarƙashin `if` kai tsaye, na fayil ne gaba ɗaya, kowane fankishin na iya ganinsa. Idan mai rubutu ya yi tuntuɓen alƙalami a cikin `zakka`, ya ambaci `amsa` maimakon `da_inji`, shirin zai yi aiki lafiya lau muddin shi aka kunna, domin `amsa` tana nan a fili. Ranar da wani ya shigo da fayil ɗin, `if` ba ta buɗe ba, `amsa` ba ta wanzu ba, sai shirin ya faɗi da kuskuren `NameError` a hannun mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sanya komai cikin `main` yana tona wannan kuskure tun a teburin mai shi. Masu gogewa sukan ƙara mataki ɗaya, su rubuta `sys.exit(main())`, don lambar da `main` ta mayar ta zama shaidar nasara ko faɗuwa ga duk wani shirin da ya kira wannan, sukan kuma karɓi bayani ta `argparse` maimakon tambaya da amsa, don a iya kunna shirin sau ɗari ba tare da mutum na zaune ba.

Suka mafi ƙarfi ta fito ne daga ɓangaren ƙwararru. Suna cewa fayil ɗaya bai kamata ya yi aiki biyu ba. A ajiye ƙa'ida a fayil, a ajiye mai kunnawa a wani, magana ta ƙare. Suna da hujjoji na gaske. Fayil ɗin da aka kunna da sunan `__main__`, idan wani fayil a cikin shirin ya sake shigo da shi da sunansa na asali, tafinta zai karanta shi karo na biyu, domin a rajistarsa ta `sys.modules` sunayen biyu abubuwa biyu ne. Sai a samu kwafi biyu na kowane mazubi a cikin shiri ɗaya, a sauya ɗaya ɗayan bai sani ba. Haka abin da aka adana da `pickle` daga fayil ɗin da aka kunna kai tsaye yakan tafi da sunan `__main__` a jikinsa, ya ƙi buɗuwa a wani shirin. Sannan fayil ɗin da ke zaune cikin ƙunshin fayiloli, yana shigo da 'yan'uwansa da ɗigo, irin `from . import awo`, idan aka kunna shi kai tsaye zai ƙi, saboda tafinta bai san a cikin wane ƙunshi yake ba. An yi ƙoƙarin sauya tsarin har sau biyu a takardun shawara na Python, PEP 299 a 2002 da PEP 3122 a 2007, duka aka ƙi su, kuma a na biyun van Rossum ya nuna ƙarara cewa kunna fayil daga tsakiyar ƙunshi ɗabi'a ce da ba ya goyon baya. Maganin da aka tsaya a kai shi ne `python -m`, wanda ya shigo a 2004 aka faɗaɗa shi a 2006: mutum ya tsaya a wajen ƙunshin ya kira fayil ɗin da sunansa na modul, wato sunan da ake shigo da shi, sai tafinta ya san danginsa. Idan shiri ya girma, akan ware fayil na musamman mai suna `__main__.py` ya zama mashigar ƙunshin gaba ɗaya.

Duk wannan daidai ne, kuma shirin da ya kai fayil goma ya kamata ya koma can. Amma shawarar ta ginu ne kan zaton cewa fayiloli suna tafiya tare, a ma'ajiya irin ta GitHub, da intanet mai ƙarfi da abokan aiki masu duba juna. A Tsanyawa ko Gabasawa manhaja ta fi tafiya a matsayin fayil guda da aka tura a waya, a buɗe shi a Pydroid ko Termux, ko a kwafa shi a shagon cajin waya kafin batir ya mutu. Fayil biyu da dole su zauna tare, wata rana ɗaya zai isa ɗaya ya maƙale a hanya, ko sabon wannan ya haɗu da tsohon wancan. Fayil ɗaya mai ɗauke da ƙa'idarsa da hanyar gwada ta nan take ya fi jure irin wannan tafiya. Wanda ya karɓa zai kunna shi ya ga yana aiki, ya gamsu, sannan ya shigo da shi cikin nasa. Kuma ba za a ce wannan dabarar masu ƙaramin ƙarfi ba ce, domin ɗakin kayan Python kansa cike yake da irinta. `calendar` modul ne da ake shigowa da shi, amma `python -m calendar` zai buga kalandar shekara a allo. `python -m http.server` zai mayar da kwamfuta wurin da wasu na'urori za su ɗauki fayiloli ta hanyar sadarwar cikin gida, ba tare da sayen data ba, abin da ke da amfani ƙwarai a ajin da ɗalibai 30 ke jiran fayil ɗaya. Wasu harsunan ma sun ga bukatar: Ruby na da `if __FILE__ == $0`, Node na da `require.main === module`.

Akwai kuma wurin da layin ya daina zama zaɓi. Yawancin kwamfutocin hannu da ake saye a kasuwannin Kano da Windows suke zuwa. Idan aiki ya yi nauyi, misali ana tace hotunan gonaki ko bayanan gwajin iri irin wanda ake yi a gonar bincike ta IITA da ke Minjibir, mai shiri zai so ya raba shi ga ƙwaƙwalen kwamfutar da `multiprocessing`. A Windows, kuma a macOS tun daga Python 3.8, kowane sabon ma'aikaci yana farawa ne da sabon tafinta wanda zai sake shigo da babban fayil ɗin daga farko. Idan umarnin ƙirƙirar ma'aikata yana fili, kowane ma'aikaci zai yi yunƙurin haifar wasu, su ma su haifi wasu; Python na gano haka ya tsayar da shirin da kuskuren `RuntimeError`. Ɗalibin da ya kwafo misali daga wanda ya rubuta a Linux, inda tsohon tsarin bai bukaci haka ba, yakan sha mamakin abin da ya yi aiki a can ya ƙi a nan.

Masu koyo a Jupyter ko Colab suna da nasu uzurin: a can layin ba ya hana komai, domin a littafin aiki `__name__` kullum `__main__` ne, sharaɗin kullum a buɗe yake. Gaskiya ne, kuma wannan na cikin abin da ke sa ɗaliban nazarin bayanai su ɗauke shi a matsayin surkulle. Amma littafin aiki ba a shigo da shi cikin wani shirin ta hanyar da aka saba, shi ne yake shigo da wasu. Tsarin da ya fi lafiya shi ne ƙa'ida ta zauna a `zakka.py`, littafin ya are ta ya zana jadawali. Colab kuma sai da intanet, fayil ɗin da ke kan waya ko kwamfuta kuwa yana aiki ko a tsakiyar gona. Sauran masu cewa rubutun layi goma da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar ba ya bukatar wannan tsari, ban da jayayya da su, in dai da gaske za a yar. Abin lura kawai shi ne a ranar rubutu ba a cika sanin wanne ne zai mutu ba wanne ne zai rayu. Lissafin rabon taki da aka yi don damina ɗaya shi ne ake nema a damina ta gaba, an ƙara mambobi, an sauya farashi, wanda ya rubuta shi kuma ya tafi bautar ƙasa. Kuɗin sa layin tun farko layi uku ne da ɗan matsar da rubutu ciki. Kuɗin warware fayil ɗin da ya riga ya cakuɗe, a hannun wanda ba shi ya rubuta ba, ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Saura abu ɗaya da ke karya duk wannan shiri ko da an sa layukan daidai, wato sunan fayil. Kalmar `import` tana karɓar suna ne irin na mazubi, don haka `lissafin-zakka.py` mai karan tsaye a tsakiya zai kunnu da hannu amma ba zai shigo ba, haka mai tazara a cikin suna, haka wanda ya fara da lamba, `lissafin_zakka.py` shi ne daidai. Python 3, tun fitowarsa a 2008, yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunaye, mutum na iya kiran fankishin ɗinsa `ƙidaya` ba matsala, amma alamar ɗauri ta cikin sa'i ko ma'auni ba ta shiga, shi ya sa aka rubuta `sai` a misalin sama. Ga sunan fayil kansa, gara a tsaya kan haruffa marasa lanƙwasa, tunda zai ratsa wayoyi da na'urori iri-iri kafin ya isa inda za shi. Kada kuma a ba fayil sunan wani modul da Python ya zo da shi. Tafinta yana fara duba jakar da aka kunna shirin daga cikinta kafin ya leƙa ɗakin kayansa, saboda haka ɗalibin da ya kira gwajinsa `csv.py` ko `random.py` ya tare hanyar na asalin, kuma duk shirin da ke cikin wannan jaka da ya nemi `csv` nasa zai samu.